Tambaya: Me ya sa kwankwasona ya riƙe, alhali ina lanƙwasa gwiwa kamar yadda aka koya mini?

Sabuwar Mai Kula ta rubuta:

Assalamu alaikum. Wata bakwai ke nan da na fara aiki a wani gidan kula da tsofaffi da masu doguwar jinya. A makon farko an ba mu horo na yini guda a kan ɗaga kaya, kuma abin da na riƙe daga ciki shi ne a ware ƙafafu, a lanƙwasa gwiwa, a miƙe baya, kada a sunkuya. Da akwatin kwali aka gwada mana, na ɗaga shi sau uku, malamin ya ce na iya.

Cikin mutanen da nake kula da su akwai wani dattijo wanda ɓarin jikinsa na hagu ya shanye kimanin wata huɗu da suka wuce, kuma nauyinsa ya kai kilo 80. Kullum da safe ni da abokiyar aikina mukan tayar da shi daga gado zuwa keken guragu. Kowaccenmu takan zura hannunta a ƙarƙashin hammatarsa, mu ƙirga uku, mu ɗago shi tsaye, sannan mu juya da shi mu zaunar. Haka kuma muke jawo shi sama idan ya zame zuwa ƙasan gado, abin da yake faruwa sau uku ko huɗu a yini. Haka na tarar ana yi, ban kuma taɓa jin wani ya ce kuskure ba ne.

Kwana biyar da suka wuce, muna tsakiyar juyawa sai gwiwarsa ta hagu ta lanƙwashe, nauyinsa ya dawo kaina gaba ɗaya. Nan take na ji wani abu ya tsarga mini a kwankwaso kamar an soka mini allura. Na daure na ƙarasa aikin ranar, amma washegari da ƙyar na sa takalmi, kuma yanzu ciwon yana sauka ta mazaunina na dama zuwa bayan cinya, musamman idan na daɗe a zaune ko na yi tari. Shi ma Baban ya yi ƙara a lokacin, ya ce kafaɗarsa. Da na cire masa riga da yamma na lura da wani ɗan rami a saman kafaɗar hagu, wanda yatsana yake iya shiga, alhali babu irinsa a ta dama.

Ina roƙon masu ilimin wannan fanni su yi mini bayani. Me ya faru a bayana, tun da na bi ƙa'idar da aka koya mini? Shin mu ne muka jawo wa Baba wannan ramin na kafaɗa? Kuma yaya ya kamata a ce muna tayar da shi?

Likitan Gashi (mai gashin ƙashi da koyar da atisayen motsa gaɓoɓi) ya amsa:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Sannu da jiki, Allah ya ba ku lafiya ke da Baba. Kafin komai, idan kika ji fatar tsakanin cinyoyinki ta sage ba ta jin taɓi, ko fitsari ya ƙi fita, ko ya riƙa zubowa ba da saninki ba, ko ƙafafunki suka fara rauni, to kada ki jira wayewar gari, ki tafi asibiti a take, domin waɗannan alamu ne na cewa an danne tarin jijiyoyin da ke ƙarshen ƙashin baya, kuma jinkiri a nan yana iya barin lahani na dindindin. Idan babu ko ɗaya daga ciki, duk da haka ki je a duba ki, ki kuma sanar da shugabanninki a rubuce abin da ya faru da ku duka biyun.

Ƙashin baya jerin ƙananan ƙasusuwa ne guda 33 da aka ɗora wani kan wani: 7 a wuya, 12 a gadon baya inda haƙarƙari suke manne, 5 a kwankwaso, sai 5 da suka haɗe suka zama ƙashi ɗaya mai faɗi a tsakanin mazaunai, da 'yan ƙanana kamar 4 a can ƙarshe. Tsakanin mafi yawan waɗanda suke motsi akwai faifai mai aikin matashi, guda 23 ne duka, kowanne yana da zoben waje mai tauri da tsakiya mai laushi wadda ruwa ya fi yawa a cikinta. Idan mutum ya sunkuya, gaban faifan yakan matse, tsakiyar ta turu baya, zuwa ɓangaren da jijiyoyi suke fita. Idan aka haɗa sunkuyon da murɗa jiki da kuma nauyi, zoben yana iya tsagewa kaɗan kaɗan har wata rana tsakiyar ta kumburo ta taɓa jijiya. Wannan ya fi faruwa a faya-fayai biyu na ƙarshe, wato tsakanin ƙashin kwankwaso na huɗu da na biyar, da kuma tsakanin na biyar da ƙashi mai faɗin nan, kuma daga wannan yanki ne saiwoyin babbar jijiyar da take bi ta mazauni ta sauka bayan cinya suke fitowa. Ba zan yanke hukunci a kan bayanki ba tare da na duba ki ba, amma ciwon da yake bin wannan hanya, yake kuma ƙaruwa da zama da tari, ya yi kama da haka. Abin da zai kwantar miki da hankali shi ne yawancin masu irin wannan ciwo suna samun sauƙi cikin makonni ba tare da tiyata ba, kuma ci gaba da motsi a hankali ya fi kwanciya a gado amfani.

Ga dalilin da ya sa ƙa'idar akwati ba ta cece ki ba. Tsokokin da suke miƙar da baya suna kusa ƙwarai da ƙashin, tazararsu da tsakiyar faifai ba ta wuce kimanin santimita 5 ba. Idan kika riƙe nauyin kilo 20 a tazarar santimita 50 daga ƙashin bayanki, dole tsokokin su ja da ƙarfin da ya kai ninki goma, kusan kilo 200, kafin ki iya tsayuwa ba ki kife ba, kuma duk wannan ja a kan faifan yake sauka, ban da nauyin ƙirjinki da kanki da hannuwanki. Ki gwada da bokitin ruwa: ki riƙe shi a jikin cinya, sannan ki miƙa hannu da shi gaba, za ki ji bambancin a bayanki alhali ruwan bai ƙaru ba. Likitan ƙashi ɗan ƙasar Suwidin, Alf Nachemson, ya auna matsin da ke cikin faifai a jikin mutane masu rai tun a shekarun 1960, sannan a 1999 Wilke da abokan aikinsa a Jamus suka sake awon a jikin mutum guda. Sun samu 0.5 a ma'aunin matsi na megafaskal idan yana tsaye kawai, 2.3 idan ya sunkuya ya ɗaga kilo 20 da baya a lanƙwashe, 1.7 idan ya lanƙwasa gwiwa, sai 1.1 idan ya riƙe kayan manne da jiki. Ki lura, lanƙwasa gwiwa ya rage matsin, amma bai kawar da shi ba, kuma kilo 20 ne kacal ake magana.

Akwati yana da wurin riƙo, ana iya shigar da shi tsakanin gwiwoyi, ba ya tsorata, ba ya cafko wuyan mai ɗauka, gwiwarsa kuma ba ta lanƙwashewa a tsakiyar hanya. Mutumin da ke kan gado yana nesa da ke, gefen katifa ya hana ki matsowa, kina aikin a sunkuye, kina kuma murɗa ƙugu wajen juyawa. Cibiyar NIOSH ta Amurka, wadda take bincike a kan lafiyar ma'aikata, ta sanya kilo 23 a matsayin iyakar kayan da ake ɗagawa idan komai ya daidaita. A 2007 wani masanin cibiyar, Thomas Waters, ya yi lissafin a kan ɗaga marasa lafiya, ya ce bai kamata mai jinya ya ɗauki fiye da kimanin kilo 16 na nauyin mutum ba, shi ma idan mara lafiyar yana ba da haɗin kai. Ku biyu kuna raba kilo 80, kuma ranar da gwiwar Baba ta gaza, mafi yawan nauyin a kanki ya faɗo ba shiri. Babu wata tsayuwa da za ta mayar da wannan aiki marar haɗari.

Game da kafaɗa, gaɓa ce da aka yi ta don yawan motsi, shi ya sa ramin da kan ƙashin dantse yake zama a ciki ba shi da zurfi ko kaɗan, saɓanin na kwatangwalo. Abin da yake riƙe ta a wurinta galibi tsokoki ne, musamman guda huɗu da suka taso daga allon kafaɗa suka kewaye kan ƙashin. Idan ɓarin jiki ya shanye waɗannan tsokoki sukan saki, nauyin hannun da kansa ya jawo ƙashin ƙasa, sai a ga ramin da kika gani. Saboda haka mai yiwuwa ne ramin ya riga ku, ciwon ne ya kawo shi. Sai dai ja ta hammata yana ƙara buɗe gaɓar, yana iya yaga tsokokin da suka yi rauni, yana kuma danne tarin jijiyoyin da suke ratsa hammata zuwa hannu. Ciwon kafaɗa bayan shanyewar jiki yana da wuyar magani, kuma yakan hana mutum yin atisayen da zai dawo masa da hannun. Tun da ya yi ƙara a ranar, a kai shi likita ya duba ko an samu gocewa ko karaya, kuma daga yau kada wani ya sake ɗaga shi ta hammata.

Tsohuwar Nas ta amsa:

'Yata, sannu. Malam ya gama bayanin ƙashi, ni zan yi magana a kan aikin kansa, domin na shekara fiye da ashirin a ɗakin kwanciyar marasa lafiya, kuma ni ma da wannan jan hammata na fara. Ƙungiyar ma'aikatan jinya ta Birtaniya, RCN, ta yi tir da shi tun a farkon shekarun 1980, amma har yau yana nan da ransa a wurare da yawa, saboda yana da sauri kuma sabon ma'aikaci yana koyonsa da ido ba tare da an faɗa masa ba.

Abu na farko da nake so ki sauya shi ne kalmar da kike amfani da ita. Kin ce kuna tayar da shi. Baba yana da ƙafar dama da hannun dama masu lafiya, kuma manyan tsokokin tashi tsaye suna cinya da mazaunai ne. Aikinku shi ne ku shirya jikinsa yadda waɗannan tsokoki za su yi aikinsu. Ki lura da kanki idan za ki tashi daga kujera: kina matsowa bakin kujerar, kina janyo ƙafafu baya har su shiga ƙarƙashin gwiwa, kina sunkuyar da ƙirji gaba har hancinki ya zo saitin yatsun ƙafa, sannan ki miƙe. Cibiyar nauyin jiki tana cikin ƙugu, kuma mutum ba ya iya tashi sai ya kawo nauyinsa bisa tafin ƙafafunsa. Wanda aka ɗago ta hammata an hana shi wannan sunkuyon, an ja shi sama alhali nauyinsa yana baya, don haka ko yana da ƙarfin taimakawa an ƙwace masa damar. Bayan 'yan watanni sai ya daina gwadawa, cinyar mai lafiyar ma ta rame.

Idan an tabbatar yana iya ɗaukar nauyinsa, ga yadda nake yi. Keken yana ɓangarensa mai ƙarfi, wato dama, kusa da gado, an danne birki, an kawar da matakan ƙafa. Ana juya shi ya kwanta ta gefe, a sauko da ƙafafunsa daga gado, ya tura jikinsa ya zauna, a daidaita tsayin gadon yadda tafin ƙafafunsa duka biyu suke kwance a ƙasa, sanye da takalmin da ba ya santsi. Ni ina tsayawa a gefensa mai rauni, ina fuskantar inda yake fuskanta, ƙafata ɗaya a gaba ɗaya a baya, hannuna ɗaya ya zagaya ƙasan bayansa zuwa ƙugu, ɗayan yana tallafe da hannunsa da ya shanye ta ƙarƙashin gwiwar hannu ba tare da ja ba. Ba na yarda ya riƙe wuyana ko kaɗan. Ƙirga uku ma na daina, domin wani yakan tashi a kan ukun, wani bayan ukun. Nakan ce masa, "Baba, mu shirya, mu sunkuya, mu tashi," mu motsa tare a kan kalmar ƙarshe. Idan ya miƙe sai ya tsaya ya daidaita, sannan a juya da ƙananan taku, ni ma da ƙafafuna nake juyawa, ba na murɗa ƙugu. Ba ya zama sai ya ji kujerar a bayan ƙafafunsa ya kuma dafa hannunta.

Amma gwiwarsa ta riga ta gaza sau ɗaya, saboda haka kada ku koma ga wannan ma sai likitan gashi ya sake auna shi. Mai yiwuwa yanzu na'urar tsayar da mutum yake bukata, wadda take tokare gwiwoyi, ko ma na'urar da take ɗaga shi gaba ɗaya a cikin raga.

Zamewar da yake yi zuwa ƙasan gado kuma ta fi damuna fiye da yadda ta dame ki. Idan aka ɗaga kan gado da yawa, ƙashin mutum yana zamewa ƙasa alhali fatar mazaunansa tana maƙale da zanen gado, sai ƙananan hanyoyin jini da ke tsakanin fata da ƙashi su miƙe su lanƙwashe, naman ciki ya rasa jini. Daga nan gyambon kwanciya yake farawa tun kafin a ga komai a waje. Idan kuka jawo shi sama a kan zanen, kun ƙara masa gurzawa a ƙasan baya da diddige, kuma fatar tsoho ba ta da kauri. Idan gadon yana da wurin ɗaga gwiwa, a fara ɗaga shi kafin a ɗaga kai, kuma kan gado kada ya wuce digiri 30 sai idan numfashi ko haɗiya sun tilasta. Wajen mayar da shi sama, a kwantar da gadon, a ɗaga tsayinsa zuwa ƙugunku, a shigar da shimfiɗa mai santsi a ƙarƙashinsa ta hanyar juya shi gefe da gefe, sannan ku zamar da shi ta hanyar mayar da nauyinku daga ƙafar gaba zuwa ta baya. Idan zai iya lanƙwasa gwiwar dama ya tura da tafin ƙafa, sau da yawa shi da kansa zai yi rabin aikin. Kada a manta a cire shimfiɗar bayan an gama. Gobe da safe ki duba ƙasan bayansa da diddigensa, idan kika ga wuri ya yi ja ko ya fi kewayensa duhu, ko ya yi zafi ko tauri, ki faɗa wa nas ɗin da ke kula da shi.

Mai Aikin Dare ya amsa:

Ina gaida Mama da Malam, kuma ban musa ko ɗaya daga cikin abin da kuka faɗa ba. Sai dai akwai tazara tsakanin abin da ya kamata da abin da muke tararwa. A wurin da nake aiki mu biyu ne da dare a kan mutane da yawa, na'urar ɗagawa guda ɗaya ce, batirinta yakan mutu, kuma ragar da ta yi daidai da ƙananan mutane ta ɓace tun tuni. Idan dattijuwa ta danna ƙararrawa da ƙarfe uku na dare tana son ban ɗaki, ba zan ce mata ta jira a yi cajin batir ba. Ni dai abin da nake yi shi ne ina ɗaura ɗamarar baya mai faɗi, irin ta masu ɗaga ƙarfe, kuma shekara huɗu ke nan ban ji ciwo ba. Ina ba 'yar'uwarmu shawara ta nemi irinta. Ina kuma da tambaya ga Malam: idan mutum ya fara faɗuwa a hannunka, kamar yadda ya faru da ita, me za ka yi? Ba na jin zuciyata za ta bar ni in tsaya ina kallon tsoho yana kai wa ƙasa.

Likitan Gashi ya sake amsawa:

Ɗan'uwa, ƙarancin ma'aikata da lalacewar kayan aiki gaskiya ne, ba kuma laifinka ba ne. Amma ban goyi bayan shawarar ɗamara ba. NIOSH ta duba hujjojin a 1994 ta ce ba ta ga abin da ya tabbatar cewa ɗamarar baya tana hana rauni ga ma'aikatan da suke da lafiya ba. Ɗamara ba ta rage tazarar da ke tsakaninka da wanda kake ɗauka, ba ta rage nauyinsa, kuma tana iya sa mutum ya ji ya fi ƙarfinsa. Shekara huɗu ba tare da ciwo ba abin godiya ne, sai dai lalacewar faifai a hankali take taruwa, ranar da ciwon ya bayyana ba ita ce ranar da ya fara ba. Horon ma haka yake: bitar da Cochrane, ƙungiyar da take tace binciken lafiya, ta yi ta binciken da aka gudanar ba ta samu shaidar cewa koyar da dabarun ɗaga kaya shi kaɗai yana hana ciwon baya ba. Shi ya sa dokar Birtaniya ta 1992 a kan ɗaukar kaya da hannu ta jera matakan haka: a guje wa ɗaukar mai haɗari iyakar iko, a auna haɗarin abin da ba a iya guje masa ba, sannan a rage shi. Wata dokarsu ta 1998 ta wajabta a duba na'urorin ɗaga mutane da ragarsu duk wata shida. Ko ƙasar da kake aiki ba ta da irin wannan doka, ka riƙa rubuta kowane dare da batir ya mutu, da kwanan wata, domin rubutaccen ƙorafi ya fi na baki wuyar mantawa. Kuma kada ka sa ƙaramin mutum a babbar raga, yana iya sulluɓewa ta cikinta.

Dangane da faɗuwa, ba a ce ka tsaya kallo ba, an ce kada ka yi ƙoƙarin riƙe shi a tsaye, domin nauyin da yake faɗowa ya fi nauyin da yake tsaye ƙarfi, kuma sau da yawa ku biyun ne za ku kai ƙasa. Idan kana kusa, kana ɗan bayansa, kuma yana faɗowa wajenka, ka ja ƙafa ɗaya baya, ka bar jikinsa ya zame a jikin cinyarka ta gaba zuwa ƙasa, kana kare kansa. Idan ya yi nesa ko yana faɗuwa gaba, iyakar abin da za ka iya shi ne kawar da abin da zai buge shi. Bayan ya kai ƙasa kada a yi gaggawar tayar da shi. A duba numfashinsa da hankalinsa, a tambaye shi inda yake ciwo, a dubi ƙafafunsa: idan ɗaya ta gajarce ta kuma juya waje, wannan alama ce ta karayar wuyan ƙashin cinya, wadda ta yi yawa a tsofaffi masu zaizayewar ƙashi. Idan akwai wannan, ko ciwon wuya, ko ya bugu a kai, a rufa masa bargo a kira taimako. Idan babu rauni kuma yana da ƙarfi, a koya masa ya juya gefe, ya durƙusa, ya dafa kujera, ya kafa ƙafa ɗaya, sannan ya zauna a wata kujera da aka turo bayansa. Idan ba zai iya ba, aikin na'ura ne.

Sabuwar Mai Kula ta sake rubutawa:

Na gode Malam, na gode Mama, na gode ɗan'uwa. Na je an duba ni, babu ko ɗaya daga alamun da Malam ya lissafa, an ba ni atisaye, an kuma ce in dakata da tayar da mutane na ɗan lokaci. Likita ya duba kafaɗar Baba, babu karaya, yanzu ana tallafe hannun da matashi duk lokacin da yake zaune. Na duba fatarsa kamar yadda Mama ta ce, na tarar da wuri mai duhu a diddigen hagu, an fara ɗora ƙwaurinsa a kan matashi don diddigen ya daina taɓa katifa. Likitar gashin da ta zo ta ce a riƙa amfani da na'urar tsayarwa. Abu ɗaya ya rage mini: da na yi tunani sai na tuna cewa a ranar da abin ya faru mun makara, muka tayar da shi kai tsaye daga kwance ba tare da ya zauna ba, kuma ya ce mana yana ganin duhu. Ko wannan yana da alaƙa da lanƙwashewar gwiwar?

Tsohuwar Nas ta sake amsawa:

Yana iya zama shi ne musabbabin, 'yata. Idan mutum ya tashi daga kwance, jini yakan taru a ƙafafu da ciki, sai zuciya da jijiyoyin jini su yi hanzarin daidaitawa don kada ƙwaƙwalwa ta rasa rabonta. A jikin tsoho, da wanda ya daɗe a kwance, da mai shan maganin hawan jini ko na sa fitsari, wannan daidaitawa takan yi jinkiri, musamman da sassafe, sai ya ji jiri, ya ga duhu, ƙafafu su saki. Ki roƙi nas ta auna jininsa yana kwance bayan ya huta minti biyar, sannan ta sake aunawa bayan ya miƙe, a minti na farko da na uku. Idan lambar sama ta faɗi da 20 ko fiye, ko ta ƙasa ta faɗi da 10 ko fiye, a sanar da likita ya duba magungunansa. Kafin nan, ko da na'ura za a tsayar da shi, a bar shi ya zauna a bakin gado na minti ɗaya ko biyu yana motsa ƙafar dama sama da ƙasa, kuma kada a danna maɓallin sai an tambaye shi ya ce duhun ya wuce.